GONARKA, GIDANKA, ƘURI'ARKA

Manoma da makiyaya, dattawa da samari, iyaye mata da ke cikin gida, wannan takarda taku ce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a gindin bishiyar kasuwa ko a zauren Mai unguwa. Maganar yau ta gona ce da fuloti da gidan haya, da kuma wanda za ku ɗora a kansu ranar zaɓe.

BIRNI YA ISO BAKIN GONA

Dattawan Kano sun san lokacin da Hotoro da Na'ibawa da Rijiyar Zaki suke gonakin dawa da gero. Yau ko wurin ɗaure akuya sai an saya. Abin ya wuce nan, ya shiga Kumbotso da Ungogo da Gezawa da Dawakin Kudu. Haka yake a gefen Kaduna da Zariya da Katsina da Sakkwato da Gusau, har ma da hedkwatocin ƙananan hukumomi. Ko'ina aka shimfiɗa kwalta, ko aka kafa makaranta ko asibiti, sai ga dillalai da mota da igiyar awo.

Zancensu ɗaya ne. Sukan ce: "Malam, wahalar noma ta isa haka nan. Sayar da gonar nan ka gina gidan haya a gari, ka zauna a inuwa kuɗi na zuwa maka." Zance ne mai daɗin ji, kuma ba duka ne ƙarya ba. Akwai waɗanda gidan haya ya rufa wa asiri, su da 'ya'yansu. Amma akwai kuma masu yawa da suka sayar da gonar gado, aka yi aure, aka sayi babur, aka kai gini linta, kuɗi suka ƙare. Yau ga kango babu rufi, ga rumbu babu hatsi, mai gonar jiya ya koma ƙwadago a gonar da ta zama ta wani. Abin da ya raba mutanen nan biyu shi ne takarda da lissafi. Su za mu warware muku.

ƘASAR NAN TA WA CE?

Kowa yakan ce "gonata", kuma gaskiyarsa, shi ya gaje ta, shi ke noma ta. To, amma ku ji abin da doka ta ce. Ran 29 ga watan Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa. Dokar ta ce duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan Nijeriya duka. Mu a Arewa abin bai zo mana baƙo ba, don tun 1910 Turawa suka sa ƙasar Arewa a ƙarƙashin Gwamna, Dokar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 kuma ta bi wannan sawu. Wato a idon hukuma, abin da ke hannunka shi ne haƙƙin zama da amfani da wurin.

Dokar ta kasa ƙasa kashi biyu. Inda Gwamna ya ayyana cewa birni ne, shi ke ba da takardar shaidar mallaka, wadda 'yan birni ke ce wa Si-of-O, galibi ta shekara 99, kuma akan biya kuɗin ƙasa duk shekara. Inda ba birni ba kuwa, ƙaramar hukuma ke ba da takarda, har zuwa hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo. Abin da ya haura haka sai da yardar Gwamna. Ku lura da wannan da kyau: Gwamna ne ke shata iyakar birni da alƙalaminsa. Gonar da ta kwana a ƙauye tana iya wayar gari a cikin birni, ba tare da ta matsa ko taku ɗaya ba.

Bayan haka, mai takardar Gwamna ba ya sayar da wurin ko ya jinginar da shi sai da amincewar Gwamna. Ba wasa ba ne. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, ta ce jinginar da aka yi ba da iznin Gwamna ba, ba ta ɗauru ba. In banki da lauyoyinsa sun faɗi a kan wannan, ina ga talaka mai takardar da aka rubuta a bayan littafin makaranta?

KAFIN KA BA DA KUƊINKA

In Allah Ya hore maka, kana son sayen fuloti ko gida a gari, ga abin da za ka yi tun kuɗin suna aljihunka.

Na farko, ka san mai wurin. Kada ka tsaya ga dillali, shi la'adarsa yake nema. Ka ga mai wurin ido da ido, ka tambayi maƙwabta na gabas da yamma, kudu da arewa, ka je wurin Mai unguwa da Dagaci. Fuloti ɗaya da aka sayar wa mutum uku ba sabon labari ba ne a gaban alƙalai.

Na biyu, in wurin gado ne, ka tambaya: an raba? In ba a raba ba, hannun babban wa shi kaɗai bai isa ba. Matar mamaci tana da tumuninta in akwai 'ya'ya, 'ya mace tana da rabin rabon namiji, maraya yana da nasa ko da yana goye. Kuma wanda ke tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato shi ya fi cancanta ya sayi rabon ɗan'uwansa kafin bare. Ka sayi irin wannan wuri a gaggauce, ka sayi shari'ar da za ka bar wa 'ya'yanka.

Na uku, ka bambance awon gwamnati da awon igiya. Awon gwamnati yana da taswira da lamba da turakun siminti, an fitar da hanya da magudanar ruwa. Awon igiya kuwa mai gona da dillali ne suka yanka, ƙafa 50 da 50 ko 50 da 100, lungu ko amalanke ba ya juyawa. Ya fi araha, shi ya sa talaka ke rububinsa. Amma dokar 1978 ta hana mai gonar ƙauye ya yanka ta fuloti-fuloti ya sayar da kansa. Ranar da hukuma ta zo fitar da titi, mai awon igiya ne katafila ke fara gaisarwa.

Na huɗu, in an nuna maka takardar gwamnati, kada ka yarda da ganin hatimi. Ka ɗauki lambar ka je ofishin ƙasa a duba maka. A Kano akwai KANGIS, a Kaduna akwai KADGIS, a Abuja akwai AGIS, sauran jihohi kuma suna da ma'aikatar ƙasa da safiyo. A can za a gaya maka sunan wa ke kan fayil, da ko an jinginar da wurin a banki. Kuɗin binciken nan kaɗan ne a kan asarar da yake karewa.

Na biyar, ka guji filin jama'a da hanyar ruwa. Filin makaranta, maƙabarta, filin Idi, burtali, ƙarƙashin babbar wayar lantarki, kowa ya ba ka takardarsu kada ka karɓa. A watan Yuni 2023 an rushe shagunan da aka gina a filin Idi na Kano, alhali masu su kuɗi suka biya. Abin da gwamnati ɗaya ta ba da, wata tana iya zuwa ta ce ba ta san zancen ba. Game da ruwa kuwa, ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024 da ta Mokwa ta Mayu 2025 sun ishe mu ishara. Fuloti da damina ake duba shi, ba da rani ba.

Na shida, a rubuta. Sunan mai sayarwa da mai saye, iyakoki huɗu, kuɗin da aka biya, ranar ciniki, shaidu, hannun Mai unguwa da Dagaci. Ka yi hoton takardar ka ajiye kwafi a wani gida dabam, saboda gara da gobara. Daga nan ka bi ta har ofis a mai da wurin da sunanka, don takardar Dagaci shaida ce ta ciniki, ba ta kai ta hukuma ƙarfi ba.

Iyaye mata, wannan taku ce musamman. In kin tara kuɗin adashi, ko na kiwo, ko na ƙuli-ƙuli, kika ba maigida ko ɗan'uwa ya saya miki fuloti, ki ce a rubuta sunanki, a karanta miki ki ji da kunnenki. Ba rashin yarda ba ne. Mutuwa ba ta sallama, kuma ranar rabon gado sunan da ke kan takarda ake bi.

LISSAFIN GIDAN HAYA

To, yanzu mu zauna mu yi lissafin da dillali ba ya yi maka. Misali ne za mu kawo, kowa ya cire lambobinmu ya sa na garinsu.

A ce ka sayi fuloti naira 3,000,000. Ka gina ɗaki huɗu da bayan gida da katanga, bulo da siminti da rodi da kwano da kuɗin magina suka ci naira 9,000,000. Jimla 12,000,000 ke nan. A ce kowane ɗaki ana biyan 120,000 a shekara. Ɗaki huɗu, 480,000. Dillali a nan yake tsayawa, ya ce ka ga riba.

Kai kada ka tsaya. Ɗaki ɗaya ya yi wata shida babu kowa, cire 60,000. Yoyon rufi, fenti, kwasar masai, ƙofar da ta ɓalle, cire 80,000. La'adar mai karɓar maka haya da kuɗin hukuma, cire 40,000. Saura 300,000. Raba 12,000,000 da 300,000, ka ga shekara 40 kafin kuɗinka su dawo. Wato cikin kowace naira 100 da ka zuba, naira biyu da rabi ke dawo maka a shekara.

Sai ka tambayi kanka: wannan 300,000 buhun masara nawa za ta saya a kasuwarmu? Gonar da zan sayar buhu nawa take ba ni, ban da kara da harawa da wake? In gona ta fi, me ya kai ka?

Kada kuma a ruɗe ka da bashin banki. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwa kuma sama da haka suke ba da rance. Gidan da ke kawo biyu da rabi ba ya biyan bashin da ke cin ashirin da bakwai, ban da abin da malamai suka faɗa game da cin ruwa. Ƙarshenta banki ya ɗauke gidan.

Akwai wani haɗarin. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, a ƙarshen shekarar kuma tsadar kaya ta haura kashi 34 cikin 100. Ma'anarsa, wanda ya sayar da gona ya riƙe kuɗi a hannu, kuɗin narkewa suke yi kamar gishiri a ruwa, ita kuwa gonar tana can tana ƙara daraja a hannun wanda ya saya. Shi ya sa masu kuɗi ke sayen ƙasa. Sun san ribar gida ba a haya kaɗai take ba, tana cikin ƙasar da gidan ke kai. To, kai da ƙasar ke hannunka tun kaka da kakanni, don me za ka miƙa?

Ba mu ce kada talaka ya gina gidan haya ba. Ya gina, amma da rarar amfanin gona da kiwo, ɗaki ɗaya bana, ɗaya baɗi. Ya zaɓi wurin da masu haya suke: kusa da makarantar gaba da sakandare, asibiti, tasha, kasuwa ko sakatariya. Ya fitar da shago a gaba, don shago ya fi ɗakin kwana kawo kuɗi, ya kuma fi shi sauƙin gyara. Ya tabbata akwai ruwa da bayan gida, don gidan da babu su ɗan haya na kirki ba ya daɗewa a ciki. In larura ta matsa, ya ba da gonar haya ko kashe-mu-raba, ko ya yanki gefe ya sayar ya bar saura. In jingina ce, a rubuta da shaidu da adadin kuɗin fansa, don jinginar baka ita ke rikiɗewa ta zama sayarwa bayan dattawa sun ƙaura. Gida biyu maganin gobara: gona a ƙauye, ɗaki a gari.

ZAMA DA 'YAN HAYA

Mai gidan haya ya sani cewa ɗan haya ma yana da haƙƙi, kuma yawancinsu 'ya'yanmu ne da suka tafi neman abinci. A rubuta yarjejeniya tun ranar shiga: nawa ne, yaushe ake biya, wa ke biyan kuɗin wuta da ruwa, wa ke gyaran rufi, wa ke gyaran abin da ya ɓata da hannunsa. Duk kuɗin da aka karɓa a ba da rasit.

In zama ya ƙi daɗi, akwai hanya. A yawancin jihohi, in ba a rubuta wani wa'adi dabam ba, mai biyan shekara ana ba shi sanarwar wata shida, mai biyan wata-wata sanarwar wata ɗaya. In wa'adi ya cika bai tashi ba, a ba shi ta kwana bakwai, sa'an nan a tafi kotu. Cire masa ƙofa, ko yaye kwano, ko watsa masa kaya a titi, ko ɗauko 'yan daba, duk laifi ne, kuma mai gida ne zai ƙare da biyan diyya. Haka kuma ƙarin haya na rashin imani ba dabara ba ce. Ɗan haya mai biya a kan lokaci, mai share gida, ya fi sabo mai alkawarin kuɗi da yawa.

RANAR DA HUKUMA TA CE TANA SO

Doka ta ba Gwamna ikon karɓe ƙasa domin amfanin jama'a, kamar hanya ko asibiti ko madatsar ruwa. Amma ku ji yadda ake biyan diyya. Ana biyan gini, da amfanin gona, da itatuwa, da aikin da mutum ya yi a wurin. Ƙasar kanta ba a biyan ta da farashin kasuwa. Manomin da aka karɓe wa eka biyar ana iya lissafa masa kuɗin dawar da ke kai da 'yan mangwarori, a sallame shi. In ƙaramar hukuma ce ta karɓe gonar noma, doka ta ce ta ba shi wata gonar a madadinta. Mutum nawa ne suka san wannan, balle su nema?

Dattawa ba su manta da Bakolori ba. An gina madatsar ruwa kusa da Talatar Mafara, manoma suka rasa gonaki da gidaje, suka yi ta neman diyyarsu. A watan Afrilu 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka rasa rayuka masu yawa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Abin baƙin ciki kuma da ake gani a gefen birane shi ne a karɓe gonar talaka da sunan amfanin jama'a, a yanka ta fuloti, a raba wa masu uwa a gindin murhu.

GA INDA ƘURI'A TA SHIGO

Jama'a, kun ga inda zancen ya dosa. Wanda ke shata iyakar birni, Gwamna ne. Wanda ke sa hannu a takardar mallaka, Gwamna ne. Wanda ke karɓe gona ya kuma naɗa masu ƙiyasta diyya, Gwamna ne. Takardar ƙauye tana hannun ƙaramar hukuma. Dokar haya ta jiha tana hannun 'yan majalisar jiha. Ita kuwa dokar 1978 an cusa ta cikin Tsarin Mulki tun 1979, tana nan kuma cikin na 1999. Ba a taɓa ta sai kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa da ta Wakilai sun yarda, majalisun jihohi 24 cikin 36 kuma sun amince. A 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma dokar tana nan ba a gyara ba. Duk waɗannan kujeru kuwa da ƙuri'arku ake hawansu.

Saboda haka duk ɗan takarar da ya shigo garinku, ku shimfiɗa masa tabarma, ku ba shi ruwa, sa'an nan ku yi masa tambayoyin nan a gaban jama'a:

1. Nawa talaka zai biya ya sami takardar gonarsa ko gidansa, kuma cikin wata nawa?

2. Za ka kawo ofishin ƙasa da safiyo hedkwatar ƙaramar hukumarmu, ko sai mun yi ta zarya babban birni?

3. In an karɓi gona don aikin jama'a, za a biya diyya kafin katafila ta shiga, ko bayan ta gama? Za a ba manomi wata gonar, ko kaso cikin fulotan da aka yanka?

4. Za ka liƙa sunayen waɗanda aka ba fuloti a bango kowa ya gani?

5. Me za ka yi wa unguwannin awon igiya: rusau, ko a fitar da hanya a ba mutane takarda?

6. Za ka kare burtali da maƙabarta da filin makaranta daga masu yanka?

Wanda ya amsa dalla-dalla, ku riƙe maganarsa, ku sa malamin makaranta ya rubuta da kwanan wata. Wanda ya kauce ya shiga zagin abokin hamayya, kun ji amsarsa. Wanda kuma ya ciro atamfa da sabulu da taliya, ku tuna sabulu mako biyu yake yi, Gwamna kuwa shekara huɗu zai yi da alƙalamin gonarku a hannunsa.

Ku adana katin zaɓe tare da takardar gona, wuri ɗaya, don aikinsu ɗaya. Ranar zaɓe a fito da sassafe, maza da mata, a bi layi cikin lumana, a dangwala, a tsaya a ƙirga a gaban kowa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana gonakinmu da gidajenmu, Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana. Amin.